Da tudun dafawa ya zame: abin da muka yi bayan wata jami'ar Amurka ta ƙi ɗalibata

Jami'o'in Amurka da yawa da yammacinsu suke sakin sakamakon neman gurbi. A lokacin sanyi tsakaninmu da gabashin ƙasar awa shida ne, don haka saƙon yakan shigo Kano wajen sha ɗaya ko sha biyun dare, ɗalibi ya buɗe shi shi kaɗai a ɗaki, kowa ya yi barci. Haka ya faru da wata ɗalibata a mako na uku na Janairun 2023. Da safe ta same ni a ofishin malamai, ta miƙo mini waya, idonta ya kumbura. Sai da na kai ƙarshen wasiƙar ta ce, "Malam, ba ita ce muka ce ba ta mayar da mutum ba?"

Ita ce kuwa. Ni na cike takardar makaranta a Common App, shafin intanet da ake neman jami'o'in Amurka da yawa ta cikinsa, ni na taya ta tsara jami'o'i goma sha ɗaya, kuma ni na sa wannan a ƙasan jerin. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda muka bi al'amarin daga wannan safiya har zuwa ƙarshe, saboda kusan duk shekara sai na ga wani yaro a wannan hali.

Masu ba da shawara a Amurka kashi uku suke raba jami'o'in da ɗalibi zai nema. Akwai waɗanda nake kira na hangen Dala, wato masu wuyar shiga ko da sakamakonka ya kai. Akwai na daidai ruwa daidai tsaki, inda makinka ya zo ɗaya da na waɗanda suka saba ɗauka. Sai na tudun dafawa, waɗanda makinka ya zarce na yawancin ɗalibansu, kuma suna karɓar fiye da rabin masu nema. Wannan rabon an yi shi ne domin yaron da yake ɗan ƙasa. Mu kuma muka ɗauko shi yadda yake, muka ɗora wa yarinyar da ta gama WAEC a 2022, wadda yajin aikin ASUU na wata takwas a shekarar ya sa mahaifinta ya fara tunanin waje. Asalin kuskuren ke nan, amma ban gane ba sai bayan kwana uku.

Kwana biyun farko na hana ta taɓa komai da ya shafi takardu. Kada ta rubuta wa jami'ar, kada ta goge rubutun da ta yi a kan kanta, kada ta shiga zaurukan WhatsApp da yara ke lissafa wanda ya samu da wanda ya rasa. Ƙin da ya zo daga tudun dafawa ya fi na Harvard ciwo nesa ba kusa ba, domin lissafin da yaro ke yi a ransa shi ne: in wannan ta ƙi ni, sauran goman fa? Wannan lissafin ba daidai ba ne. Jami'o'in ba sa haɗa baki, kowace ofishinta daban, kuma ba wadda take ganin hukuncin wata. Na faɗa mata haka sau uku a rana guda, don irin wannan magana ba ta shiga a karon farko. Na kuma roƙi mahaifiyarta ta lura da cin abincinta da barcinta. Kuka na kwana biyu ko uku ba abin tsoro ba ne. Amma idan aka yi mako biyu yaro ba ya ci, ba ya barci, ya daina shiga mutane, ko ya fara cewa rayuwarsa ba ta da amfani, to magana ta wuce ta malamin makaranta, a kai shi ga likita.

A rana ta uku muka zauna da wasiƙar. Abu na farko shi ne a tabbatar da irin hukuncin, domin yara sukan karanta layin farko su rufe waya. Hukunci iri huɗu ne ake rikitawa: ƙi na gaba ɗaya, ɗage magana daga zagayen farko na Nuwamba zuwa zagayen gama-gari, wanda ke nufin za a sake dubawa a Maris, sa mutum a jerin jira, da kuma karɓa amma a wani kwas ko wani reshen jami'ar ko zangon Janairu. Nata ƙi ne na gaba ɗaya.

Daga nan muka shiga shafin ɗalibi na jami'ar. Kowace tana ba mai nema shafinsa bayan ya tura takardu, kuma a ciki akwai jerin abubuwan da suka iso da waɗanda ba su iso ba. Yaranmu da yawa ba sa buɗe shi, saboda saƙon da ke ɗauke da kalmar sirri yakan faɗa akwatin tarkace na imel. A nan ake gano cewa wasiƙar malami ɗaya ba ta je ba, ko makin Turanci na TOEFL ko Duolingo ba a tura daga hukumar jarrabawar kai tsaye ba, ko jami'ar ta nemi lambobin katin duba sakamakon WAEC ba a ba ta ba, ko takardar banki ta tsufa, don da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce wata shida. Fayil ɗin da bai cika ba wani lokaci ko karanta shi ba a yi. Na duba nata layi-layi, komai ya isa kafin wa'adi. Da an samu giɓi a nan, da ya zama dole mu buɗe shafukan sauran goman a ranar, domin kuskure iri ɗaya yakan bi duka. Duk da haka mun buɗe su, muka tarar wata jami'ar tana jiran takardar shaidar kuɗi, muka tura a daren.

Inda amsar take shi ne wata takarda da ake kira Common Data Set. Yawancin jami'o'in Amurka suna wallafa ta a shafinsu duk shekara, tsarinta ɗaya ne a ko'ina, kuma in ka rubuta sunan jami'a tare da sunan takardar a Google za ta fito. Sashen C1 yana nuna yawan waɗanda suka nema, waɗanda aka karɓa, da waɗanda suka zo. C9 yana nuna makin SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, na ɗaliban da suka shiga. Waɗannan biyu na duba a watan Oktoba, na ga makinta yana sama, na ce mun samu madogara. Wanda ban duba ba shi ne H6, sashen da ke bayyana tallafin da jami'a ke ba ɗaliban ƙasashen waje: mutum nawa aka ba, kuma nawa kowane ya samu a matsakaici.

Ga yadda ake lissafin. Ka nemo jimillar kuɗin shekara, wato kuɗin karatu da masauki da abinci da littattafai da inshorar lafiya. A jami'o'i masu zaman kansu da yawa ya kan kai dala 60,000 zuwa 80,000. Ka cire matsakaicin tallafin da ke H6. Abin da ya rage shi ne abin da jami'ar ta saba gani iyaye suna biya. Sai ka kwatanta da abin da ka rubuta a takardar neman tallafi, wato CSS Profile ko ISFAA, cewa gidanku zai iya. Mahaifinta ya rubuta dala 10,000 a shekara, kuma gaskiya ya rubuta. Da muka yi ragin, abin da ya saura ya ninka haka sau uku. Wato tun ranar da muka tura takardun, jami'ar ta ga ɗalibar da za ta ci mata kuɗin da take raba wa mutum biyu ko uku.

Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ɗalibin waje ba shi da rabo a tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, wanda 'yan ƙasa ke nema ta FAFSA, don haka duk abin da zai samu daga aljihun jami'ar zai fito. Mafi yawansu kuwa suna duba ƙarfin aljihun ɗalibin waje kafin su yanke hukunci, kuma suna rubuta haka a shafinsu. A shekarar, waɗanda ba sa duba aljihun ɗan waje kuma suke cike masa duk buƙatarsa bakwai ne: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin. Dukkansu kusan ɗaya cikin goma suke ɗauka ko ƙasa da haka. Abin da ya fito fili shi ne, yaron da ke buƙatar tallafi mai yawa ba shi da tudun dafawa a Amurka. Jami'ar da ke da sauƙin shiga sau da yawa ita ce mai ƙaramar taska, wadda ta dogara da kuɗin ɗalibai. Adadin karɓar da ake gani a intanet ya haɗa 'yan ƙasa da masu biyan kuɗi cif, bai ce komai a kan yarinyar Kano mai dala 10,000 ba.

Akwai wasu dalilan da ya kamata a tantance, ko da ba su shafe ta ba. A manyan jami'o'in jiha ana ɗaukar ɗalibi ne zuwa kwas, kuma kimiyyar kwamfuta, injiniyanci da aikin jinya sun fi sauran cunkoso sosai. Jami'a tana iya zama mai sauƙi gaba ɗayanta, kwas ɗin da ka zaɓa ya zama na hangen Dala. Sannan jami'ar jiha 'yan jiharta take fara yi wa aiki. A jami'ar Chapel Hill ta jihar Karolina ta Arewa, kashi 18 cikin ɗari kawai na sababbin ɗalibai aka yarda su fito daga wajen jihar. A Texas kuwa tun 1997 akwai dokar da ke ba yaran da suka fito a sahun gaba a makarantun sakandaren jihar gurbi kai tsaye. Irin wannan ne tabbaci na gaske, kuma bai haɗa da mu ba. Ana kuma yawan cewa wasu jami'o'in suna ƙin ɗalibi mai ƙarfi idan suka ga alamar ba zuwa zai yi ba. Abin da za ka iya dubawa da idonka shi ne sashen C7, inda jami'a ke faɗin ko tana la'akari da sha'awar da mai nema ya nuna. In ta ce tana yi, to rubutun da aka kwafo daga na wata jami'a aka canza suna kawai, da rashin halartar taronsu na intanet, duk suna rage maki. Amma ina gargaɗin malamai kada su ruga su ce wa yaro "ai ƙarfi ka fi su". Magana ce mai daɗin ji, sai dai tana hana a nemo ainihin matsalar.

Ta rubuta wa jami'in da ke kula da masu nema daga Afirka wasiƙa mai layi biyar: godiya, sunanta da lambar nemanta, da tambaya ɗaya, ko akwai abin da ya ɓace a fayil ɗinta. Ba ƙorafi, ba roƙo. Bayan kwana shida ya amsa cewa fayil ya cika, kuma kuɗin da suka ware wa ɗaliban waje kaɗan ne. Ba mu nemi a sake duba hukuncin ba. Jami'o'i da yawa ba su da wannan ƙofa sam, masu ita kuma sabon bayani suke so: an yi kuskure a sakamako, ko an samu mai ɗaukar nauyi. Mu ba mu da ko ɗaya.

Zama da mahaifinta ya fi komai nauyi, domin dangi sun riga sun ji cewa za ta Amurka. Na je gidan bayan la'asar da takarda ɗaya mai lambobi uku: kuɗin shekara, matsakaicin tallafi, da abin da ya rubuta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Malam, ke nan laifina ne da na faɗi gaskiya?" Na ce, "A'a, Alhaji. Da an ƙara adadin, da sun karɓe ta, amma ba za su ba da I-20, takardar da ake neman bizar ɗalibi da ita, ba sai an nuna kuɗin shekarar farko a banki, kuma ko an tsallake wannan, shekara ta biyu tana nan tafe." Ina jaddada wannan saboda na san ana ba iyaye shawarar aron kuɗi a zuba a asusu na mako biyu. Wanda ya yi haka ɗansa yake jefawa cikin bashi a ƙasar da bizar ɗalibi ba ta ba shi damar aiki fiye da awa 20 a mako a cikin makaranta lokacin zangon karatu, kuma wannan aikin kuɗin sabulu da katin waya kawai yake kawowa. Muka yi matsaya cewa duk wanda ya tambaya a ce sakamako sai ƙarshen Maris, wanda kuma gaskiya ne. Ya ce komai nufin Allah ne. Na ce haka ne, kuma akwai sauran sababi da za mu riƙa.

Sababi na farko a Amurkan ne. Common App yana ba ɗalibi damar jami'o'i 20, mun yi amfani da 11. Yawancin wa'adin ya wuce tun 1 zuwa 15 ga Janairu, amma akwai masu rufewa 1 ko 15 ga Fabrairu, akwai kuma masu karɓa a hankali har gurbi ya cika. Matsalar ita ce wa'adin babban tallafi yakan riga na neman gurbi, sau da yawa tun Disamba. Saboda haka wannan karon daga H6 muka fara, muka watsar da duk wadda ragin bai zo kusa da ƙarfinmu ba. Uku suka rage, ta nemi biyu. CSS Profile dala 25 ne ga jami'ar farko, 16 ga kowace ƙari, kuɗin nema kuma mun roƙi a yafe ta wasiƙar makaranta, aka yafe.

Sababi na biyu shi ne wanda ya kamata a ce da shi muka fara: JAMB. An buɗe rajistar 2023 ranar 14 ga Janairu, ta kuma ce ba za ta yi ba tunda waje za ta. A makon ta tura lambar NIN ɗinta zuwa 55019, ta samu lambar rajista, ta je cibiyar CBT aka ɗauki zanen yatsunta, a daidai lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci ana kwana a layin banki. Na ja kunnenta a kan abu ɗaya: a nan ma zaɓi na biyu ba madogara ba ne, domin jami'o'i da yawa waɗanda suka sa su a zaɓin farko kawai suke dubawa. Sai ta sa jami'a da kwas ɗin da makinta zai iya kaiwa a farko. Sakamakon JAMB na shekara guda ne, wanda ya tsallake rajista ya yi asarar shekarar, sai dai ya bi ta shirin share fage na IJMB ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ta koma karatun jarrabawa daga Fabrairu, kuma na lura wannan ne ya fi komai dawo da ita hayyacinta, don ta samu abin yi kowace safiya.

Daga tsakiyar Maris zuwa 1 ga Afrilu sauran suka fito. Na hangen Dala duk sun ƙi. Biyu sun sa ta a jerin jira. Sashen C2 na takardar nan yana nuna mutum nawa aka ɗauka daga jerin a bara, kuma mai buƙatar tallafi kada ya sa rai sosai, don kafin a kai gare shi kuɗi ya ƙare. Biyu sun karɓe ta. Ɗaya ta bar mana abin da ba ma iya tunkara. Ɗayar, wadda ta fi tudun dafawar tamu wuyar shiga amma ta fi ta dukiya, ta bar dala 15,000. Muka rubuta wa ofishin tallafi, muka haɗa takardar albashi, yawan 'ya'yan da ke makaranta, da farashin canji, muka faɗi adadin da za mu iya. Suka sauko zuwa 12,000, kawunta ya ɗauki 2,000. Kafin 1 ga Mayu, ranar da ake rufe amsa tayi, aka biya kafin alƙalami. Wanda bai samu ko'ina ba a wannan lokaci, ƙungiyar NACAC ta masu ba da shawara kan shiga jami'a a Amurka tana fitar da jerin jami'o'in da ke da sauran gurbi a farkon Mayu. Akwai kuma kwalejojin shekara biyu, masu sauƙin shiga da rangwamen kuɗi, waɗanda ake wucewa jami'a daga cikinsu, sai dai da wuya su ba ɗan waje tallafi. Ofishin EducationUSA na gwamnatin Amurka a Abuja da Legas yana ba da shawara a kan waɗannan duka.

A ƙarshen Afrilu ta zauna JAMB duk da tana da tayi a hannu. Ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya saki naira, dalar da ake lissafawa a kusan naira 460 ta hanyar Form A, takardar da ake sayen dalar karatu da ita a banki, ta haura 750 cikin 'yan makonni. Dala 12,000 ta tashi daga naira miliyan biyar da rabi zuwa miliyan tara, ban da dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, da 185 na biza, da kuɗin jirgi, kuma haka za a yi har shekara huɗu. Muka nemi a ajiye mata gurbin zuwa baɗi, suka yarda da sharaɗin da jami'o'i da yawa ke gindayawa: kada ta yi rajistar digiri a wata jami'a a cikin shekarar. In ta yi, ta zama mai neman canjin makaranta, tallafin da aka yi mata alkawari ya faɗi. Wannan sharaɗin a karanta shi da kyau kafin a sa hannu, domin yana nufin ba a riƙe biyun tare.

Ta yi istihara, ta yi shawara da iyayenta, ni kuma na ba su lissafin shekara huɗu a farashin ranar. Da sunanta ya fito a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbi, ta karɓi gurbin, ta buga takardar shaidar shiga. Washegari muka zauna a ofis ta rubuta wa jami'ar Amurkan cewa ta saki gurbin da tallafin, ta kuma tambaye su ko suna karɓar ɗaliban Najeriya a digiri na biyu. Suka amsa cewa suna karɓa, suka turo mata sunan ofishin da za ta tuntuɓa.